Amsa Daga Ƙetaren Iyaka

Tun da aka shimfiɗa babban bututun gas ya ratsa iyaka, aka hana mutane ƙetarewa. Gas kaɗai ke wucewa. Malam Nomau ne ke gadin tasha ta ƙarshe a wannan ɓangare, shi kaɗai a tsakiyar daji. Ƙanensa Jatau kuma yana gadin ta farko a can, tafiyar rabin awa da a ce ana bari. Shekara shida ba su ga juna ba. Kullum da hantsi Nomau kan ƙwanƙwasa bututun da sifana sau uku, Jatau ya amsa da biyu.

Ran Talata Barmo, direban tankar ruwa, ya zo cika masa tanki. Ya sauko ya durƙusa.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Jatau."

Nomau ya dube shi. "Wane Jatau? Ɗazun nan ya amsa mini."

Barmo ya sunkuyar da kai. "Yau kwana tara. Zazzaɓi ne, a bakin ma'aikatan kamfani na ji. Ba su kai wani ba, na'ura suka kafa a gurbinsa. Wai duk abin da ya saba yi ta koya."

Tanki ya cika. Da Barmo ya tada mota, sai Nomau ya dafa ƙofar.

"Kashe ta tukuna, ɗana. Zauna in yi masa addu'a. So nake in ji mutum ya ce amin."