Mai Wayarin da Mota Ba Ta Kwana a Rumfarsa

Tun da ka ce jiran ne ba ka iyawa, zauna ka ji misalin wani mai gyaran wayarin mota.

Mutumin nan gwani ne, wannan ba a ja. Shekara talatin yana bin wayoyin tsofaffin motoci, har ya zamana da ƙaurin waya kaɗai yakan gane inda ciwo yake. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne sunan da mutane suka ba shi, wai mota ba ta kwana a rumfarsa. In ta zo da safe, da yamma ta koma gida. Yana son sunan nan fiye da yadda ya kamata a so suna, kuma duk wanda ya yabe shi da shi ya gama saye shi.

Ran nan wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo masa motarsa, irin dogayen nan na da masu canja giya da kansu. Ya ce fitilar ribas ta daina kamawa, kuma wani lokaci motar takan ƙi tashi sai ya jijjiga sandar giya. Mai wayarin ya cire ƙwan fitila ya duba, lafiya lau. Ya duba fis, bai ƙone ba. Ya bi waya da ɗan ƙwan gwajinsa tun daga but ɗin baya har ƙarƙashin mota, sai ya iske ciwon a wani ɗan makunni da ke manne a jikin giya. Aiki biyu makunnin nan yake yi: shi ke kunna fitila in an sa ribas, shi ne kuma ke hana mota tashi muddin tana cikin giya. Da ya buɗe shi ya kankare tsatsa, ɓangaren fitila ya farfaɗo. Ɓangaren tayar da mota kuwa ya cinye ƙurmus, sai dai a aika wani gari a nemo na gwanjo.

Nan fa ya tsaya da makunni a hannu yana shawara da zuciyarsa. In ya faɗi gaskiya, mota ta kwana ke nan, maƙwabtansa masu faci da masu fenti su samu abin yi masa dariya. Ya dubi dattijon yana zaune a benci yana jan carbi, ba alamar sauri a tare da shi. Duk da haka bai gaya masa komai ba. Ya kamo wayoyin nan biyu da makunnin ke raba su, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da baƙin salatif, ya tura su inda ido ba ya kaiwa. Ya ce a ransa ai tsoho mai natsuwa ba zai tayar da mota cikin giya ba.

Sai gwaji. Ya tsaya a waje, ya zura hannu ta taga kamar yadda ya saba, ya murɗa makulli rabi, ya ja giya zuwa ribas. Ya roƙi dattijon ya zagaya baya ya gani da idonsa. Rana ce tsaka, hasken fitila ba ya nunawa, saboda haka dattijon ya durƙusa tsakanin mota da katangar bulo, ya cire hularsa ya yi wa fitilar inuwa. Ya ce ta kama, Allah ya yi albarka. Daɗin yabo ya ratsa mai wayarin, ya so ya nuna cewa matsalar tashin ma ta kau. Shekara talatin hannunsa ya san mota irin wannan ba ta tashi cikin giya, kuma hannu bai ji labarin abin da aka yi ɗazu ba. Ya ƙarasa murɗa makullin. Motar ta tashi bugu ɗaya, ta zabura baya.

An ceto ran dattijon a asibiti, amma ƙafarsa ta dama ba a ceto ta ba. 'Ya'yansa suka ce laifin tsufan mota ne, sun daɗe suna faɗa masa ya rabu da ita. Mutanen layin ma haka suka ce, har suna yi wa mai wayarin jaje. Ba wanda ya san da wayoyin nan biyu sai shi da Allah, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya yi sati a haka. Daga ƙarshe ya wanke ƙafa ya tafi asibiti, ya tsuguna a bakin gado, ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, bai rage komai ba.

Dattijon ya saurare shi har ƙarshe. Can ya tambaye shi, ba da faɗa ba.

"Ɗana, da ka yi gyaran yadda ya kamata, kwana nawa za ta yi a wurinka?"

"Uku, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya gyara mayafi a kan inda ƙafar take a da, ya juya fuskarsa bango.

To, ka ji. Shi ya sa Bahaushe yake jan kunne da cewa kada garin neman gira a rasa ido.