Sawun Raƙumi a Kwazazzabon Abzin

Tun da hukuma ta ɗaura wa kowa awarwaron jagora, duk wanda ya kauce wa hanyar da aka zana, ƙarfen sai ya ƙona masa hannu. Mijin Lantana ya bi raƙuminsa cikin kwazazzabo tun jiya, bai dawo ba.

Ita da yayanta Mati suka tsaya inda dutse ya rabu biyu. Ga sawun raƙumi nan ɓaro-ɓaro a yashin hagu.

"Yaya, nan ya bi."

Awarwaron ya ce, "Babu hanya a nan."

Mati ya dubi tsohon tabon hannunsa. "Mu koma mu sanar da hukuma, ƙanwata."

Ta kwance ɗankwalinta, ta cusa shi ƙarƙashin ƙarfen don ya kare mata fata, ta shiga ita kaɗai. Har ta ɓace masa, Mati yana tsaye yana shaƙar ƙaurin tsumma.