Alkawarin Bayan Kaka

Da hantsi Atiku ya tsayar da mota a ƙofar gidansu na Gulma, ya zauna yana kallon sitiyari kamar wanda aka kira gaban alƙali. Shekara bakwai ke nan yana cewa zai kai mahaifiyarsa, Inna Baiwa, ta ga Birnin Kebbi. Kullum maganar ɗaya ce: sai an yi kaka. Kaka ta zo ta wuce har sau bakwai. A tsakanin nan ya yi cinikin albasa, ya buɗe shago na biyu a Argungu, ya kai matarsa Rauda yawon buɗe ido har Abuja. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ita ce ta gagare shi.

Inna ba ta taɓa tuna masa ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka kunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta dube shi ido cikin ido. In ya zo gaisuwar Salla, a bakin ƙofar ɗakinta yake durƙusawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa fuskarta na wajen bango. Kafin kunun da aka kawo masa ya huce ya miƙe. Yakan ce wa kansa al'ada ce ta sa ba ya daɗewa. Ƙarya yake, kuma ya sani.

Ƙanwarsa Ummu Hani ce ta fito da ita, tana riƙe da hannunta, suka zauna a kujerar baya. Rauda ta shiga gaba. Ko'ina a fadama ana yankan shinkafa, ga dammunan gero an jera a bakin hanya. Inna ta sa aka sauke gilashi, ta ce da ƙanshi kaɗai an san bana an samu albarka.

A filin jirgin sama suka fara tsayawa, suka ci sa'a wani jirgi yana shirin tashi. Atiku ya nuna shi da hannu yana zuba bayani. Ummu Hani ta sunkuya tana yi wa Inna raɗa, kamar yadda ta saba isar da magana tsakaninsu. Da jirgin ya ɗaga, Inna ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah! Ashe haka kukanai yake in an matso kusa."

Daɗi ya kama Atiku, ya ce, "Ai gani ya kori ji." Ummu Hani ta sunkuyar da kai.

Daga nan ya shiga gari da su. Ya zaga babban shataletale sau biyu don kada wani abu ya wuce ta. Ya bi ta gaban ofisoshin gwamnati, ya bi ta gaban babbar makaranta, yana tafiya a hankali har masu keke-napep suna yi masa hon. Duk inda ya nuna, sai Ummu Hani ta yi raɗa, Inna ta ce masha Allah. Ta madubi yake satar kallonta. Ta rame, ta tsufa fiye da yadda yake zato, kuma ba ta gyara zama ta leƙa waje ko sau ɗaya ba. Ya ɗauka fushi ne. Zuciyarsa ta yi masa nauyi, don abin da yake nema a tafiyar nan ɗaya ne: ya ji ta ce ta yafe.

Bayan Azahar suka shiga babbar kasuwa, shagon Madam Bukola, Bayarabiya mai atamfa wadda ta yi shekara talatin a garin. Ta shimfiɗa turmi uku a gaban tsohuwar.

"Mama, zaɓi wadda ranki yake so."

Inna ta bar hannunta a kan gwiwa. Madam Bukola ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta kamo hannun a hankali ta ɗora a kan atamfar farko. Inna ta shafa, ta murza bakin, ta shafa ta biyu, ta koma ta farko.

"Wagga ta hi kauri." Ta juya wajen Ummu Hani. "Ki ce ma wancan, ya cika alkawali. Allah shi yi mai albarka. Ba ni riƙe da shi da komi."

Atiku ya kau da kai, idonsa ya cika da ƙwalla. Kayan shekara bakwai ya sauka daga kansa. Har ya fara lissafin inda zai kai ta baɗi.

Rauda ta kama Inna suka yi gaba wajen mota. Madam Bukola ta sa atamfar a leda, ta yagi takarda ta rubuta wata lamba, ta miƙa masa da murya ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, kira wannan likita. Shi ya duba mahaifiyata. Wani lokaci ana dacewa."

"Likitan mi?" in ji Atiku.

Madam Bukola ta dubi Ummu Hani. Ummu Hani ta murza bakin mayafinta, ta ɗago.

"Yaya, Inna ba ta ga komi ba yau. Tun kakar bara idonta ya ruhe, ita ta rantsad da mu kar a hwaɗa maka, wai don kar ka san ka makara."