Tsakuwa ta Shida

Tsakuwa biyar ce a aljihun Ambrose Tordoff, kuma duk gundumar an san da haka. Alƙalin wasan kurket kuwa, wasan nan da ake jifan ƙwallo ana dukanta da sanda, shida yake riƙewa. Duk jifa ɗaya sai ya mai da tsakuwa ɗaya wancan aljihun, in ta shida ta wuce ya ce zagaye ya cika, ya miƙa wa mai jifa rigar sanyin da ya ba shi ajiya. Shi Ambrose ta shidan da ka yake ƙirga ta.

Shekara goma sha huɗu yana buga wa gundumarsa, har gwiwa ta ce ta gaji. Ya sa farar rigar alƙalanci ya ƙara talatin. Samarin 'yan wasa kullum cikin tsokanarsa suke, wai rowarsa ta kai ga tsakuwa. Dattawan kulob kuwa in suka ji, sai kowa ya dubi kofin shayinsa.

Ga kuma wata tsohuwar rigar sanyi da ba ta barin jakarsa. Wani mai jifa ne ya ba shi ajiya a wani wasan ƙauye, ya yi jifa biyar, ya bar fili bai karɓa ba. In an tambaya sai ya haɗe rai ya ce yaran yanzu ba sa gama abin da suka fara, shi kuma ba ya mai da riga sai zagaye ya cika. Taurin kai dai, Allah ya ba mutumin nan!

Ranar wasansa na ƙarshe, matarsa Hilda ta ajiye masa ƙwai da burodi, ta ce yau za a mai da rigar nan ga mai ita, ta gaji da jin shi yana shinshinarta a ɗaki. Ya ce ba zai iya ba. Bai taɓa abincin ba.

Aka tashi wasa da yamma, aka yi masa tafi, aka ba shi agogo. Ko murmushi ya kasa, zuciyarsa na kan jakar. Hilda ta same shi a tsakiyar fili, ta buɗe masa tafin hannu ta sa wani abu. Wata 'yar tsakuwa ce, ta yi sumul don yawan shafawa.

"A ciyawa na tsince ta ran nan, inda ka yar da ita ka ruga," in ji ta. "Shekara ashirin da biyu, tsoho. Kai da riga, ni da wannan. Ya isa."

Suka bi ta bayan coci, ita a gaba, shi yana jan ƙafa. Da suka isa ya cire hularsa, ya jefa tsakuwar cikin 'yan uwanta, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Zagaye ya cika. Ga rigarka."

Sannan ya durƙusa ya lulluɓa ta a kan dutsen kabarin Lionel Tordoff, ɗansu tilo, wanda zuciyarsa ta tsaya yana gudu zai yi jifa na shida.