Baban 'Yan Biyu

Ko sadakar ukun Baba ba a yi ba, na tarar da ƙanensa a bayan gidanmu na Gubuchi, yana kankare gilashin bas ɗin Baba da reza. Sitika ce yake cirewa, mai rubutun "Baban 'Yan Biyu", wadda Baba ya manna ranar sunanmu ni da Hassana.

Na ce, "Baffa, ai mu ne a jiki."

Ya tofa jan yawun goro a kan ragowar gam ɗin, ya murje da babban yatsa. "Mai saye ba ya son motar mamaci," in ji shi.

Har yau in ya miƙo mini hannu mu gaisa, yatsan nan nake kallo.