Munduwar Hassu

Tun da aka ɗaura wa ’yan makaranta munduwar da ke jin maganarsu tana bin sawunsu, Lantana ba ta ƙara samun sukuni ba. Kullum safiya mai shirin rediyo sai ya yi ta kururuwa: “Iyaye, kuna barci ana sayar da sirrin ’ya’yanku!”

Cire munduwar laifi ne, don haka ranar Asabar ta ja ’yarta Hassu zuwa rumfar Sallau baduku.

“Malam, ɗinke min munduwarta cikin fata kamar laya, ta kurumce.”

“Tun safe aikin da nake yi ke nan, Hajiya,” in ji Sallau, ya kama hannun yarinyar. Rumfar cike take da mata da yara masu jira, rediyonsa na ta ɓaɓatu.

“Yau mun samo hujja!” in ji mai shirin. “Ku saurari wata Hassu Lawal, ’yar aji huɗu.”

Sai ga muryar yarinya ƙasa-ƙasa, cikin kuka: “Ni fa ban iya karatu ba, bakin ’yan aji nake bi. Don Allah kada Umma ta ji.”

Yaran duk suka juyo suna kallon Hassu. Sallau ya dakatar da ɗinkin, ya dubi Lantana.

“A ci gaba, Hajiya?”

Lantana ta jawo ’yarta, ta lulluɓe ta da mayafinta.

“Ƙyale munduwar nan, Malam, ita ji kawai ta yi. Rediyon za ka ɗinke wa baki.”