Waƙa Ta Bakwai

Mawaƙiyar ta banko ƙofar situdiyo, waya a hannu. Ƙanwarta, wadda ta haɗa sautin sabon kundin, ta miƙe zumbur.

"Kin ga abin da masu sharhi suka rubuta? Shekara biyu ina fama da waƙoƙin soyayya goma, wai tara ba su da rai! Wani ma cewa ya yi muryata ta gaji. Amma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan ta bakwai. Saurara ki ji: a nan kaɗai muka ji mace tana waƙa da zuciyarta."

Ƙanwar ta sunkuyar da kai.

"Me kika yi wa ta bakwai da kika hana sauran? Da gangan kika ɓata min taran?"

"Wallahi, Yaya, ban ɓata komai ba."

"Kunna min ita!"

Ƙanwar ta danna. Murya ta cika ɗakin, mai taushi, mai ratsa jiki. Mawaƙiyar ta lumshe ido, tsigar jikinta ta tashi.

"Kin ji ko? Wannan ce ni! Gobe ita zan rera kai tsaye a talabijin, su san da saurana."

"Yaya, kin tuna ranar da mura ta toshe miki murya, na rera ta don gwaji? Da kika warke kika yi taki. Wajen turawa ne na yi kuskure." Ta nuna kanta. "Tawa na tura."